Katakon Rawar Talatu

Makon jiya na tarar da ɗana Dauda a ɗakin ajiya yana auna katakon nan guda uku da ke jingine a bayan buhunan gero, wai zai yi wa kajinsa akurki da su. Na ce ya ajiye ma'aunin ya zo ya zauna. Mutum mai 'ya'ya har da furfura a gemu, amma ya zauna yana sunne kai kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Ban yi masa faɗa ba, domin lokacin da abin ya faru yana makarantar kwana, labarin a bakin mutane ya ji shi, mutane kuwa sun juya shi. Har yau a coci ana cewa katakon da Baba Bulus ya ƙera wa 'yarsa. Ina jin daɗin yabon, ba zan ɓoye muku ba, tsoho da yabo sai a hankali. Amma ni roba kawai na yanka. Aikin na mahaifiyarku ne, Rifkatu, kuma tunda ba ta nan balle ta faɗa, ko da tana nan ma ba faɗa za ta yi ba, ni zan rubuta muku shi yadda ya faru.

Kun san daga Filato muka zo Birnin Kebbi, ni ina yi wa manoman fadama gyaran injin ban ruwa, ita tana ɗinki. Muka kama haya a Badariya, a gidan Inna Kulu, wata dattijuwa da mijinta ya rasu ya bar ta da gida da sana'ar shinkafa. Ta dafa, ta shanya, ta surfa, ta kai kasuwa, ita da matar ɗanta. Ɗakuna biyu ta ba mu a gefen tsakar gida, bishiyar dogonyaro ɗaya muke rabawa. Mu Kirista ne a gidan Musulmi, baƙi kuma a garin mutane, don haka muka koyi zama a hankali. Rediyonmu ba ya wuce bakin ƙofa, waƙar safe a ƙasa-ƙasa muke yi, ku ma kun tuna yadda ake zare muku ido idan kuka ɗaga murya lokacin salla. Ba wanda ya ce mu yi haka. Mu muka ɗora wa kanmu, muka kuma saba har ya zama jikinmu.

A gidan nan aka haifi Talatu, autarmu, kuma a bayan Inna Kulu ta girma. Shi ya sa duk cikinku ita kaɗai ta tashi da Kabanci, Hausar mutanen Kebbi, zalla a baki, idan ta buɗe baki sai ka rantse 'yar masunta ce daga bakin gulbi. Surutu kuwa kamar ta haɗiye rediyo. Abu na biyu da ta ɗauko shi ne rawa, wannan kam daga uwarta. Rifkatu ce ke jan rawar zumuntar mata a coci, irin rawarmu ta gida wadda ake ɗaura akayau a ƙafa, ana taka ƙasa yana amsawa. Mace ce mai jiki, amma idan ta shiga fili sai ka nemi nauyin ka rasa. Tun Talatu ba ta iya ɗaura zani ba take bin bayanta tana kwaikwayo, har matan suka yi mata ƙaramin akayau nata.

Tana 'yar shekara tara bazara ta zo da sanƙarau. Ba zan tsaya a kan kwanakin asibiti ba, ba na son tuna su. Allah ya bar mana ita, amma ciwon ya tafi da jinta gaba ɗaya. Da farko ta ci gaba da magana, sai dai ba ta jin kanta, muryar ta fito da ƙarfi a inda ba a zata ba. Yara suka yi dariya, manya suka riƙa zabura, ita kuwa tana ganin fuskokinsu. Sai ta rage magana, ta rage, har ta daina. Daga nan ta daina fita tsakar gida. Ta samu lungu tsakanin gado da bango ta zauna, abinci ma a can ake kai mata. Wata rana Rifkatu ta ɗaura akayau ta yi mata rawa a tsakiyar ɗaki, tana murmushi tana miƙa mata hannu. Yarinyar ta dubi ƙafafun uwarta suna motsi ba ta jin komai, ta juya fuska bango. Ban taɓa ganin Rifkatu ta kwance akayau a hankali kamar ranar ba.

Da ruwa ya sauka sai ga Yaya Saratu, babbar yayata, ta zo daga gida da saƙon mahaifiyarmu da dattawan dangi. Kada ku riƙe Gwaggonku a zuci, da ƙauna ta zo. Ta leƙa lungun, ta ga yarinyar, ta fito tana share ido da bakin zani.

"Bulus, wannan ba zama ba ne," in ji ta. "Kun kulle yarinya a gari kamar mai laifi. Ku ba ni ita in kai ta wurin Mama. A gona ba mai tambayar ko kana ji. Za ta yi shuka, ta yi kiwo, ta ga sarari."

"Yaya, a can wa ya san muryarta?" in ji Rifkatu. "A nan aka san ta da surutu. In ta tafi can, kurma za a sani, shi ke nan."

"To a nan ɗin tana magana ne?"

A wurinmu maganar dangin uba ba abin da ake turewa da ƙafa ba ne, kuma gaskiya Yaya ta fi mu hujja. Aka tsaya a kan cewa za ta dawo da kaka, lokacin bikin godiyar girbi. Idan ta tarar da Talatu a lungun nan, za ta tafi da ita. Da Yaya ta hau mota, Rifkatu ta dawo ta zauna a gaban keken ɗinki, ba ta taka shi ba har rana ta yi sanyi.

Damina ta yi nisa ba abin da ya canja. Sai ƙanin Inna Kulu, Malam Garba, wanda ke ƙera jiragen ruwa a Argungu yana kuma noman shinkafa, ya aiko in zo in duba masa injinsa da ke bukkar gona a ƙetaren gulbi, kafin rani ya zo. Inna Kulu ce ta matsa a tafi da yarinyar ta ga ruwa. Ɗaukarta na yi kamar jaririya zuwa mota, ba ta yi gardama ba, ba ta kuma dubi kowa ba. A bakin gulbi muka cire takalma muka shiga jirgi, Malam Garba na tuƙi a baya, Talatu a zaune a tsakiya ta dunƙule, tafin ƙafarta a kan katakon jirgin. Da muka kai tsakiyar ruwa muka iske wani masunci ya shimfiɗa taru, ya ɗaga hannu ya roƙi Malam Garba ya koro masa kifi. Su haka suke yi, a riƙa buga gefen jirgi da filafilin tuƙi, kifi ya firgita ya nufi taru. Malam Garba ya shiga bugawa, kuma da yake mutum ne mai raha, bai buga kara zube ba, kiɗa ya mayar da shi.

Ni hankalina na kan ruwa, don ban iya iyo ba. Sai na ji Rifkatu ta damƙe mini hannu har farcenta ya shiga. Ta nuna mini ƙasa da haɓa. Babban yatsan ƙafar Talatu na tashi yana sauka, daidai da bugun.

"Malam, don Allah kada ka tsaya," in ji Rifkatu. "Canja shi. Yi sauri kaɗan."

Ya yi sauri, yatsan ya bi shi. Ya sassauta, yatsan ya sassauta. Ya tsaya cak. Sai Talatu ta ɗaga kai, ta waiwaya tana neman wanda ya katse mata abu. Tun da ta bar asibiti ba ta nemi komai da ido ba sai ranar.

Kafin mu kai gaɓa Rifkatu ta gama ƙera abin a kanta. Ni ina kwance inji a bukka, ita tana tsugune da Malam Garba tana zane a ƙasa da tsinke. Tana son dandamali na katako, mai rami a ƙasa kamar cikin jirgi, yadda in an buga gefe ɗaya bugun zai bi katako ya isa tafin ƙafa. Kuma ba ta son a kafa shi wuri ɗaya. Gidan haya muke, ba a haƙa wa mutane tsakar gida. Ga ruwan sama, dole a riƙa shigar da shi. Ga inuwar dogonyaro da ke yawo daga safe zuwa yamma. Sannan ta faɗi babban dalilin, cewa daɓen coci siminti ne, siminti kuwa ba ya gaya wa ƙafa komai, don haka ranar godiya a kanta za ta ɗauke shi ta kai. Malam Garba ya saurara yana shafa gemu, abin ya shige shi.

"Ana iyawa, Maman Dauda," in ji shi. "Amma katako shi a magana. Na kasuwa ɗanye na, shina shan rana shi karkace. Waɗanda munka cire ga tsohhin jirage kuwa sun ruɓe. Sai maɗaci wanda yad daɗe cikin ɗaki, ya bushe har ƙashi. Irin shi ka amsawa in an buga."

Rifkatu ta dube ni ta ƙofar bukka. Na san wannan kallon, na kuma san maɗaci ɗaya ne a gidanmu. Gadon aurenta ne. Mahaifinta kafinta ne, shi ya sare itacen da kansa, ya ajiye shi ya bushe, ya ƙera mata gadon da hannunsa, shekara na zagayowa ya rasu. Ba ta da hotonsa, ba ta da rigarsa, gadon nan kaɗai take da shi. A saman babbar mota muka ɗauko shi daga Filato, ta hana direba sakat duk tsawon hanya don kada ya goge. Dukanku a kansa aka fara shimfiɗe ku. Kowace Asabar sai ta shafe shi da man kaɗe, kuma kun tuna abin da ke samun wanda ya hau shi da ƙafa mai datti. A hanyar dawowa na ce mata mu ƙara nema, wataƙila a samu tsohuwar ƙofa a wani gida.

"Baban Dauda, kaka ta kusa," in ji ta. "Kuma Baba don 'ya'yana ya yi shi. In na tambaye shi yanzu, kai ma ka san abin da zai ce."

Muka kwance gadon muka kai Argungu. Da Malam Garba ya ɗauko zarto sai ta karɓa daga hannunsa, ta ce yankan farko nata ne, ba ta son ta riƙa ganin wani a matsayin wanda ya yanka mata gado. Ta sa gwiwa ta danne katakon, ta ja zarton, hawaye na zuba a kan garin katako, hannun kuwa bai karkace ba. Na daɗe da sanin na auri mace, amma ranar na san irin wadda na aura. Malam Garba ya raba aikin gida uku, kowane yanki daidai abin da mace za ta ɗauka da gammo. Ya yi wa gefunan baki yadda ɗaya zai shige cikin ɗaya, kamar yadda yake haɗa cikin jirgi, in an tura su sun zama abu guda, in an ja sun rabu. A ƙarƙashi ya sa gajerun sanduna suka ɗaga shi daga ƙasa kamar faɗin tafin hannu. Rifkatu ta hana a sa ƙusa a sama saboda ƙafa ba takalmi, sai aka yi turaku na itace. Ita ta kankare fuskar da fasasshiyar kwalba, ta goge da yashin gulbi, tana shafawa da kumatunta don ta ji ko akwai sauran tsini. Ni kuma, ga nawa aikin da ake ta yabo, na yanka tsohuwar tayar babur na manna a ƙasan sandunan don kada ya zame ko ya ci wa Inna Kulu daɓe.

Da muka kawo shi gida muka haɗa a kan baranda, Rifkatu ta hau ta taka sau ɗaya. Ƙarar da ya yi sai da kajin gidan suka watse. Muka dubi juna, mu biyu tunani ɗaya. A gidan mutane? Kullum? Ga masallaci a bayan katanga? Shekara da shekaru muna tafiya a kan yatsu, yanzu mu kawo ganga mai girman gado mu ajiye a tsakar gida? Rifkatu ta je ta roƙi Inna Kulu ɓuntun shinkafa, muka cika ƙananan buhuna muka cusa a ramin ƙasan, muka toshe ko'ina. Ta sake takawa, shiru, sai ɗan tim-tim. Muka ji daɗi, wai mun yi dabara. Ta shiga ta lallaso Talatu, ta tsayar da ita a kai, ta tsuguna tana buga gefen da muciya. Yarinyar ta tsaya tana kallonmu. Rifkatu ta ƙara ƙarfi har muciyar ta tsage. Talatu ta sauka ta koma lungunta, wanda yanzu ba gado ma a gefensa, sai katifa a ƙasa. Rifkatu ta zauna a kan katakon, ta ɗora hannu biyu a ka. Gado ya tafi, yarinya ba ta fito ba, mu kuwa ko kusa ba mu kawo ɓuntun a ranmu ba. Cewa muke a jirgi ruwa ne ya taimaka.

Inna Kulu ta fito daga ɗakinta ta zagaya abin tana dubawa. Ta sunkuya, ta ga bakin buhu, ta jawo shi.

"Maman Dauda, ɓuntun da nib ba ki, nan kinka cusa shi? Ni cewa nike kaji za ki shimhiɗa ma."

"Inna, don kada ƙarar ta dame ku ne."

"Wa yac ce muku ta dame mu? Gidanga da aka daka tun sahe har marece? Kun toshe ma abu baki, kuna son shi yi magana!" Ta jawo wani buhun ta jefar. "Ɗiyag ga ni nig goye ta. In ƙara ka tashe ta, a yi ƙara har unguwar Gesse su jiya."

Ba ta tsaya nan ba. Ta sa muka sauko da katakon ƙarƙashin dogonyaro, ta ɗauko ƙaramin turminta ta ɗora a kusurwa, daidai kan sanda inda zai iya ɗauka, ta zuba shinkafa, ta kira matar ɗanta. Sannan ta shiga ɗakinmu ba sallama, ta ɗauko Talatu a kafaɗa kamar buhu, ta dire ta a tsakiya. Suka fara lugude, wannan ta buga wannan ta buga, a jefa taɓarya sama a tafa a cafe. Ni da ke tsaye a ƙasa ban ji komai ba sai dakan da na saba ji kullum. Amma Talatu ta zabura ta dubi ƙafafunta. Ta ɗaga ɗaya ta mayar. Ta tsuguna ta dafa katakon da tafin hannu, ta miƙe. Sai kafaɗarta ta fara. Rifkatu ta hau a hankali ta tsaya a gabanta, ta taka takun farko na rawarmu, wanda ake koya wa yara, ta jira. Talatu ta taka.

Daga ranar tsakar gidan nan ba ta sake zama shiru ba. Da safe a haɗa katako a yamma da bishiya, da rana ta juya a ja shi gabas, hadari ya taso a raba shi a ruga da shi baranda. Inna Kulu ta mayar da rabin surfenta kan kusurwar nan, in ta gaji Rifkatu ta karɓa da guntun taɓarya, tana buga kiɗan zumunta da hannu ɗaya tana nuna taku da ɗayan. Da ladan ya kira salla sai a ajiye taɓarya, kuma ta haka Talatu ta riƙa sanin lokaci. In katako ya yi shiru a ƙafarta, sai ta sauka ta ɗauko wa Inna buta. Maƙwabta suka fara leƙowa, yaran da suka yi mata dariya suka dawo suna roƙon a bar su su hau, ita ce kuma mai nuna wanda zai hau da yatsa. Ta koma cin abinci a waje. Abu ɗaya ya rage, ba ta ce uffan ba. Rifkatu takan ce mini ba komai, ƙafa ta fara, baki zai biyo. Amma na sha ganinta ta tsayar da keken ɗinki tana kallon bakin yarinyar.

Yaya Saratu ta iso ana jibi godiya. Ta ga Talatu a tsakar gida tana rawa, ta yi murna ƙwarai, amma ta ce a cikin gida ne, gaban waɗanda ta saba da su. Duniya ba tsakar gidan Inna Kulu ba ce. Yarinyar da ba za ta iya tsayawa cikin jama'a ta buɗe baki ba, gara gona. Rifkatu ba ta yi musu ba. Ranar Lahadi ta naɗa gammo ta ɗauki yanki ɗaya, ni ɗaya, na ukun kuwa Inna Kulu ta sa matar ɗanta ta kai mana har ƙofar coci. Mutane na ta kallonmu a hanya kamar masu ƙaura.

Cocin ya cika, gaban bagade an tara dammunan gero da buhunan shinkafa da albasa da kaji a ɗaure. Da aka zo rawar mata muka haɗa katakon a tsakiya, aka ɗora gindin babbar ganga a kusurwar da turmi ke zama. Mai gangar wani saurayi ne mai ji da kansa, hannunsa na da kyau amma idonsa na kan 'yan mata. Matan suka kewaye, Talatu ta hau ita kaɗai da ƙaramin akayau ɗinta, kanta a sunkuye. Aka fara. Wallahi na ga rawa a rayuwata, a gida da nan, ban ga mai taka kiɗa a kan gaɓarsa kamar yarinyar nan ba. Mu muna jin kiɗa da waƙa da tafi da kukan jarirai duk a haɗe, ita kuwa bugun kaɗai ke zuwa mata, tsantsa. Mutane suka miƙe tsaye, guɗa ta tashi. Mai ganga ya ga an tashi, kansa ya kumbura, ya fara gudu yana ƙara salo. Matan suka bi shi a daddafe. Talatu ta tsaya cak, ta juya ta dube shi, ta riƙe ƙugu.

"Kai mai ganga! Mi a na gaugawa? Ka ɓata shi! Koma inda kab baro!"

Muryar ta fito da ƙarfi har bayan coci, Kabanci zalla, da irin tsiwar Inna Kulu. Ganga ta mutu. Nan take na tuna abin da dariya ta yi mata a baya. Sai wata tsohuwa a layin gaba ta ce, "Gaskiyarta, ya ɓata shi," ta nuna saurayin da sanda. Cocin ya fashe da dariya, kuma duk yatsun da aka ɗaga mai ganga suke nunawa. Talatu ta bi yatsun da ido, ta ga ba ita ake yi wa ba. Ta ɗaga ƙafa ta buga masa kiɗan a kan katako, a hankali, yadda ya kamata, shi kuma ya sunkuyar da kai ya bi ta. Na nemi Rifkatu a cikin matan, na same ta tsaye wuri ɗaya ba ta rawa, ta toshe baki da gyale.

Bayan an tashi Yaya Saratu ta cire takalmi ta hau katakon, ta ce wa saurayin ya buga. Ta tsaya ido a rufe na ɗan lokaci, sannan ta sauko ta kama hannun Rifkatu da hannu biyu.

"Maman Dauda, gobe ni kaɗai zan hau mota. Zan gaya wa Mama jikarta tana nan tana yi wa maza faɗa a coci."

Sauran kun sani. Talatu ta koma makaranta, ta koyi karanta baki da maganar hannu, yau ita ke koya wa yara kurame, kuma ta sa an yi mata manyan katakai irin waɗannan da take yawo da su a bayan mota. Abin da ba ku sani ba shi ne, sau da yawa na ce wa mahaifiyarku in sayo mata gado, har na taɓa kai ta wurin kafinta. Ta zagaya ta duba, ta yaba aikinsa, ta ce mu tafi. A hanya ta ce mini ita tana da gado, aiki ya tafi yi. A kan katifa a ƙasa ta kwana har ƙarshen ranta, ba don rashi ba.

Bayan mun dawo daga binne ta, da baƙi suka ragu, Talatu ta shiga ɗakin ajiya ta fito da yankunan nan uku ɗaya bayan ɗaya, ta haɗa su a tsakar gida. Ta cire takalmi ta hau, ta miƙo mini guntun taɓaryar uwarta. Na tsuguna a kusurwa na buga iyakar iyawata, kiɗan da na ji shekara da shekaru ina wucewa da akwatin sifana. Ta tsaya ba ta motsa ba, idonta a rufe. Can ta buɗe ido ta dube ni.

"Baba, ba haka Mama ka buga shi ba."

Na ce na sani. Ta sauko ta tsuguna kusa da ni, ta ɗora hannunta a kan nawa, ta nuna mini. Duk zuwan da za ta yi gida yanzu sai mun fito da su, ta hau, in buga, ta gyara mini. Ta ce na kusa. Don haka, Dauda, ka nemi wani katakon ka yi wa kajinka, waɗannan ban gama da su ba.